Mikin Da Hannun Mai Shi Ya Yi

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, ina cikin tattara littattafan waƙa, sai na ga wani dattijo daga cikin membobinmu ya tsaya a bakin ƙofa yana jira jama'a su watse. Da muka rage mu biyu, ya matso ya ce, "Malam, ina so ka tara mini dattawan ikilisiya. Gidana zai rushe."

Abin da ya faru shi ne, 'yarsa mai shekara 16 ta yi wata huɗu tana fama da miki a hannu da cinyoyi. Za ta kwanta lafiya, gari ya waye a ga sabon miki ja wur. An sayi man shafawa a kemis, an yi allurai, an sha jiƙo, an yi addu'ar dare har sau uku. Wannan ya warke, wani ya fito. Mahaifiyar yarinyar kuwa ta rasu shekara biyu kafin wannan lokaci, uban ya sake aure. Mai karatu ya riga ya san inda maganar ta nufa. Dangin marigayiya suka ce ai ba sai an yi bincike ba, kishiyar uwa ce ke cin yarinyar. Magana ta bazu har wasu mata suka daina zama benci ɗaya da ita a majami'a. A daren Asabar ɗin nan ta ɗaure kayanta ta koma gidan iyayenta.

Na ba da wannan labari da yardar mutanen gidan, na kuma sauya wasu abubuwa domin kada a gane su. Dalilin ba da shi kuwa shi ne, mun kusa raba aure, mu kuma ɓata sunan baiwar Allah har abada, a kan ciwon da likitoci suka daɗe da sani, mu ne ba mu sani ba.

ABIN DA MA'AIKACIYAR JINYA TA GANI

Kafin in kira taron dattawa, na roƙi wata 'yar zumuntar mata, wadda ta yi shekaru tana aikin jinya, ta je ta duba yarinyar. Da ta dawo sai ta ja ni gefe ta faɗa mini abu uku. Mikin duka a hannun hagu yake da gaban cinyoyi, yarinyar kuwa da dama take aiki. Babu ko ɗaya a tsakiyar baya, inda hannu ba ya kaiwa. Bakin kowane miki kuma a miƙe yake kamar an ja layi, fatar da ke kewaye da shi lafiya lau. Ta ce ita ba za ta yanke hukunci ba, amma a kai yarinyar wurin likitan fata, kada kuma kowa ya ce mata komai.

Likita ya yi gwajin jini, ya duba fatar sosai, bai sami wata cuta ba. Sai ya wanke mikin ya rufe shi da bandeji mai kauri wanda ba a iya buɗewa a gida. Bayan mako biyu mikin da ya ƙi jin magani wata huɗu ya kama warkewa. Amma wani sabo ya fito sama kaɗan da inda bandejin ya tsaya. A ranar ce likita ya zaunar da uban, ni ma ina wurin bisa ga roƙonsa, ya gaya masa a hankali cewa hannun yarinyar ne ke yin mikin, kuma ciwo ne na gaske wanda tushensa yake cikin zuciya.

FATA DA ZUCIYA

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ilimin likitanci ya ƙara da cewa a tambayi fata duka. Sa'ad da jariri yake makonnin farko a cikin mahaifa, saman fata da ƙwaƙwalwa da jijiyoyin ji duka daga shimfiɗa ɗaya ta ƙwayoyin halitta suke fitowa, kuma muddin rai suna aika wa juna saƙo. Kowa ya san yadda tsoro ke sa tsigar jiki ta tashi, da yadda gumi ke keto wa mutumin da aka tsare da tambaya ko da a cikin hunturu ne. Damuwa mai tsawo kan tsananta ƙurajen fuska da borin jini da ƙaiƙayi.

Susa kuma tana da tarko. In ka sosa wuri, ɗan zafin da farce ya jawo yakan danne ƙaiƙayin na ɗan lokaci, ka ji daɗi. Amma farcen ya ji wa fatar rauni, raunin kuma ya ƙara ƙaiƙayi. Haka za a yi ta zagayawa har wurin ya yi kanta ya yi baƙi. A fatarmu ta baƙaƙe tabo yakan daɗe bai goge ba, a wasu mutane ma yakan kumbura ya yi tudu. Wannan tarko yana kama mai lafiyar zuciya ma, balle wanda damuwa ta riga ta cika masa ciki.

Sai dai tun daga nan in ja kunne. Kada wani ya karanta wannan shafi ya koma gida yana tuhumar duk mai miki. Yawancin ƙaiƙayi da gyambo cuta ce ta jiki. Akwai ƙazuwa da kwarkwata da kuɗin cizo. Ciwon hanta, ciwon ƙoda, ƙarancin jini da cutar ƙanjamau duka kan sa ƙaiƙayi mai tsanani. Da yawa cikinmu sun tuna irin susar da maganin zazzaɓi kulorokwin yake sa mutane. Masu sikila sukan yi gyambo a kusa da idon sawu. Mai ciwon sukari ko kuturta kan ji rauni bai sani ba domin jijiyar wurin ta mutu. Likita ne kaɗai zai bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya ya kawar da su, sa'an nan ya yi maganar zuciya.

IRI HUƊU DA AKA FI GANI

Na farko shi ne irin na yarinyar nan. Likitoci suna kiransa da wani suna na Latin mai ma'anar ciwon fata da hannu ya ƙera. Mai shi yakan yi wa kansa miki a ɓoye, ya kuma musa ko an tambaye shi. An fi samunsa a wurin mata, musamman 'yan mata da masu shekarun farkon girma. Alamunsa su ne waɗanda ma'aikaciyar jinyarmu ta gani: miki a inda hannu ke kaiwa, mai siffar da cuta ba ta yi, wanda ke bayyana a cike dare ɗaya, ba a ga ƙurji ya fara ƙarami ya girma ba. In an rufe shi ya warke, in an buɗe ya dawo. Ya kamata a bambanta shi da aikin mai wayo da ya ji wa kansa rauni don ya tsere wa aiki ko ya karɓi diyya. Wancan ya san abin da yake nema. Wannan kuwa sau da yawa bai san dalilinsa ba, wasu ma sukan yi abin ne cikin wani hali kamar na mai tafiya cikin barci, in sun dawo hayyacinsu ba su tuna daidai. Abin da ciwon yake kawo masa shi ne, a karon farko wani ya zauna kusa da shi ya ce sannu.

Na biyu shi ne tsinkar fata. Wannan ba ya musu, kunya ce kawai ke sa shi ɓoyewa. Yakan fara ne yawanci lokacin balaga, da matsar ƙurajen fuska ko ɓantarar ɓawon miki, har abin ya zama jiki. Mutum zai zauna gaban madubi awa guda ko fiye yana tsinka, ko hannunsa ya riƙa yi da kansa yana karatu ko yana tunani. Kafin ya yi yakan ji wani matsi a rai, in ya yi ya sami sauƙi, bayan nan nadama ta biyo. Ya sha alkawari ga kansa zai daina, ya kasa. Wani likitan fata na Ingila, Erasmus Wilson, ya bayyana wannan hali tun 1875. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin littafinta a matsayin ciwo mai zaman kansa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Ƙididdigar likitoci ta nuna fiye da mutum 1 cikin 100 na manya suna fama da shi. In muka auna da wannan, majami'a mai mutum 300 ba za ta rasa uku ko huɗu ba.

Ɗan'uwan wannan hali shi ne tsigar gashi, wanda wani likitan Faransa, François Hallopeau, ya raɗa wa suna a 1889. Mai shi yakan tsige gashin kai ko gira ko gashin ido har wurin ya yi fili. A wurinmu ɗankwali yakan rufe abin shekara da shekaru, in an gani kuma a ce makero ne ko kitso mai tsauri ne ya ci gaban kai. Wasu kan haɗiye gashin, ya dunƙule a ciki har sai an yi tiyata.

Na uku shi ne wanda ya fi tayar wa iyaye hankali, watau matashin da ke yanka ko ƙona jikinsa da saninsa sa'ad da baƙin ciki ya fi ƙarfinsa. Yawanci yakan fara tsakanin shekara 12 zuwa 14. Wani nazari da ya haɗa bincike daga ƙasashe da dama a 2014 ya sami cewa kimanin matasa 17 cikin 100 sun taɓa yin haka ko sau ɗaya. Masu yi sukan ce zafin da ke cikin zuciya ba shi da wurin da za a nuna, in suka mai da shi kan fata sai su ji ya lafa na ɗan lokaci. Wasu kan ce sun ji kamar sun mutu a tsaye, suna so su ji ko da zafi ne. Wasu kuma horon kansu suke yi domin sun ɗauka su ba kome ba ne. Yawancinsu ba mutuwa suke nema ba a lokacin. Duk da haka an tabbatar cewa wanda ya saba da wannan ya fi sauran mutane shiga haɗarin kashe kansa daga baya, saboda haka ba abin da za a ce yarinta ce, zai bari.

Na huɗu an fi ganinsa a wurin manya, musamman mata da suka manyanta. Mutum zai tabbata a ransa cewa ƙwari ko tsutsotsi suna yawo ƙarƙashin fatarsa, ya yi ta tono da farce ko tsinke don ya fitar da su. Yakan kawo wa likita ɓawon fata da zare a cikin kwalin ashana ya ce ga su nan, a duba a ga babu ƙwaro. Wani likitan jijiyoyi na Suwidin, Karl Ekbom, ya yi rubutu a kansa a 1938, har ake kiran ciwon da sunansa. Wasu lokuta hodar ibilis ce ke jawo shi, ko barin giya farat ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha. Haɗarinsa shi ne mai shi kan shafa kananzir ko maganin ƙwari a jiki ya ƙone fatarsa. A nan ƙasarmu likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa masu ciwon damuwa da fargaba ba safai sukan ce ransu a ɓace yake ba. Abin da sukan ce shi ne kansu na zafi, ko wani abu na yawo a jikinsu. Mun sha jin wannan a wurin roƙon addu'a, mu kuwa nan da nan mu ce jifa ne.

Duka waɗannan dabam suke da tsagar gado ko ƙahon wanzami. Waɗancan a fili ake yinsu bisa ga al'ada, da hannun wani. Waɗannan kuwa a kaɗaice ake yi, cikin dare ko bayan an kulle ƙofa.

ME KE KAWO SHI?

Ruwa ba ya tsami banza. In aka bi tarihin masu wannan ciwo sau da yawa akan tarar da rashi da ba a yi makokinsa ba, ko gida mai yawan faɗa, ko dūka da zagi, ko aure mai ƙunci, ko tsangwama a makaranta. Akan kuma tarar da cin zarafi da fyaɗe, musamman daga wanda yaro ke tsoron ambaton sunansa. A wasu kuma ciwon damuwa ne ko fargaba, tsinkar fata da tsigar gashi ma sukan bi jini a wasu gidaje. Ba kowane mai miki ne aka zalunta ba, kada uba ya karanta wannan ya hau zargin mutanen gidansa. Amma akwai abu ɗaya da yawancinsu suka yi tarayya a kai, watau nauyin da babu wanda za a sauke wa.

Mu kuwa mun tashi cikin tarbiyyar haƙuri da kunya. Yaro ba ya kai ƙarar babba. 'Ya mace ba ta faɗin abin da ke damunta a gaban ubanta. Mai bi kuma yakan ji tsoron ya ce ransa a ɓace yake, kada a ce bangaskiyarsa ta yi rauni. Haƙuri abu ne mai kyau, amma in baki ya rufe, jiki magayi ne.

Yarinyarmu ta yi mako shida tana zuwa asibiti kafin ta buɗe baki, ga ma'aikaciyar jinyar nan ce kuma ta buɗe. Ranar da aka binne mahaifiyarta an ce mata kada ta yi kuka domin ƙannenta suna kallo. Bayan wata uku aka cire ta daga makaranta ta riƙa kula da su. Da amarya ta zo aka kwashe kayan uwarta daga ɗaki, ba wanda ya ƙara ambaton sunanta a gidan. Ta ce kishiyar uwarta ba ta taɓa zaginta ba. Sai dai in dare ya yi takan ji ƙirjinta ya cika kamar zai fashe, abin da ke biyo baya kuma kamar mafarki take ganinsa. Da ta ji ana zargin matar ubanta, tsoro ya ƙara rufe mata baki, tsoron kuma ya ƙara mikin.

KUSKURE BIYU

Kuskure na farko shi ne neman maye. Mikin da ya fito dare ɗaya ba a san mafarinsa ba ya dace daidai da abin da muka taso muna ji game da maita da sammu. Wanda ake nuna wa yatsa kuma kullum marar ƙarfi ne: kishiyar uwa, tsohuwa gwauruwa, ko maraya da aka kawo riƙo. Daga nan sai a kwashi majiyyaci a yi ta yawo da shi, a sa shi azumin dole, wani wuri har da bulala da mari. A 2019 ƙungiyar kare hakkin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoto cewa ta tarar da masu ciwon ƙwaƙwalwa a ɗaure da sarƙa a wurare da dama a Nijeriya, har da gidajen addu'a na Kirista da na Musulmi da na masu maganin gargajiya. Wannan abin kunya ne a gare mu duka.

Na san wani zai tuna mini da Markus sura 5, inda aka ba da labarin mutumin da ke zaune a makabarta yana yanka jikinsa da duwatsu. Ban musa abin da ke rubuce ba. Amma a duba a ga wane ne ya yi amfani da sarƙa a cikin labarin. Mutanen gari ne, ba ta kuwa yi amfani ba. Ubangiji magana ya yi da shi, a ƙarshe kuma ya mai da shi gida wurin danginsa. A tuna kuma da annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19, wanda ya gaji har ya roƙi mutuwa. Abinci da ruwa da barci aka fara ba shi, ba tsawa ba. Luka da ya rubuta Bishara shi kansa likita ne. Babu inda zuwa asibiti ya zama rashin bangaskiya.

Kuskure na biyu yakan zo ne bayan gaskiya ta fito, watau kunyatarwa. Da muka fito daga ofishin likita, uban yarinyar jikinsa na rawa. Ya ce ta mai da shi abin dariya, ta cinye masa kuɗin taki, ta kore masa mata, yau sai ta gaya masa dalili. Na riƙe shi a ƙarƙashin wata bishiya fiye da awa guda. Likitoci sun san cewa in aka tsare irin wannan majiyyaci aka ce an kama shi, ba ya amsawa. Yakan gudu daga asibitin, mikin ya ƙaru, wani ma ya yi abin da ya fi muni. Shi ya sa likitan kirki yakan ci gaba da wanke miki, yana tambayar barci da cin abinci da zaman gida, har majiyyaci ya sami ƙofar da zai fito ba tare da an tozarta shi ba.

AKWAI MAGANI

Magani yana tafiya ta hanya biyu a lokaci ɗaya. Ana jinyar fata, a wanke miki, a rufe, a ba da maganin ƙwayoyin cuta in ya yi mugunya, a yi allurar rigakafin tetanos in da bukata. Ana kuma jinyar zuciya ta wurin zama da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan'adam, wanda zai taimaki mutum ya gane abin da ke tayar masa da hankali, ya koyi wata hanyar sauke shi.

Ga masu tsinkar fata da tsigar gashi akwai wata dabara da masana biyu na Amurka, Nathan Azrin da Gregory Nunn, suka tsara a 1973, har yau kuma ana aiki da ita. Mutum zai fara lura da lokaci da wurin da hannunsa ke tafiya, ko gaban madubi ne, ko kan gado, ko lokacin karatu. Da zarar ya ji matsin ya taso, sai ya ba hannun wani aiki da ba zai yiwu a haɗa da tsinka ba, kamar dunƙule hannu na minti ɗaya ko riƙe wani abu gam. Yanke farce da rufe wurin suna taimakawa. A gida ɓarar gyaɗa, tsintar shinkafa, saƙa da ɗinkin hula duka suna riƙe hannu a lokutan da abin ya fi zuwa.

In akwai ciwon damuwa ko fargaba, likita kan ba da ƙwayoyi. Waɗannan sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, ba a kuma barinsu farat ɗaya. Mai jin ƙwari a jiki ma yana da nasa maganin dabam. Kada a saya a kasuwa ko a karɓa daga hannun maƙwabci.

Wuraren zuwa suna nan. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa na Jos da Zariya suna da sashen fata da na ƙwaƙwalwa. Wanda ke nesa ya fara da babban asibitin da ke kusa, a ba shi takardar turawa. Zuwa irin wannan wuri ba ya nufin mutum ya haukace. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin majiyyaci. Tun 1954 ma Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa majiyyaci yakan amfana in danginsa suna tare da shi cikin jinya, har ya riƙa saukar da marasa lafiya a ƙauyukan kewaye tare da 'yan'uwansu.

AIKIN GIDA DA NA IKILISIYA

In ka ga ɗanka ko 'yarka na sa riga mai dogon hannu cikin zafin bazara, ko na ƙin a ga jikinsa, ko ka ga tabo a jere, ko jini a zanen gado, kada ka yi ihu. Nemi lokacin da kuke ku biyu. Faɗi abin da ka gani, ka ce ba faɗa za ka yi ba, kana so ka san abin da ke damunsa. In bai amsa ba, ka bari, ka sake komawa. In da wata gwaggo ko malama da ya fi sakewa da ita, a bar ta ta yi. Kada a sa shi rantsuwa cewa ya daina, gama in ya kasa sai ya ƙara ɓoyewa. Kada a riƙa tuɓe shi ana bincike.

Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya nuna wannan tambaya ba ta sa wa mutum tunanin a rai, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya ce i, ko yana yawan maganar mutuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da sauran guba daga gida, a tafi asibiti a ranar. Haka kuma in miki ya yi zurfi, ko ya kumbura da zazzaɓi. In yaro ya ce wani yana taɓa shi, a gaskata shi, a raba shi da mutumin nan take, a kai magana ga hukuma. Wannan ba abin da za a binne ba ne don a rufa wa gida asiri.

Mu ma'aikatan ikilisiya, fastoci da katikis da shugabannin mata da na matasa, mu ne ake fara kawo wa irin wannan magana kafin likita. Kada mu ambaci sunan majiyyaci daga bagade da sunan roƙon addu'a. Kada mu karɓi zargin maita a kan kowa, ko da dukan dangi sun haɗa baki. Mu yi addu'a tare da shi, mu kuma raka shi asibiti, in da hali baitulmalin taimako ya ɗauki kuɗin mota. Bayan jana'iza kuma mu riƙa komawa gidan, mu tambayi yaran, ba manya kaɗai ba.

Taron dattawan da dattijon ya nema an yi shi, amma ba na shari'a ba. An faɗa wa jama'a abu ɗaya tak, cewa likita ya gano ciwon, kuma babu hannun kowa daga waje. Ni da uban da dattawa biyu muka je biko. Matar ta dawo bayan mako uku, ko da yake har yau wasu daga cikin waɗanda suka zarge ta ba su je sun ba ta haƙuri ba, ina kuma fata za su karanta wannan. Uban ya nemo hoton marigayiya ya ba 'yarsa, ya mai da ita makaranta. Mikin ya sake dawowa sau ɗaya lokacin jarrabawa, wannan karon kuwa ita da kanta ta je ta nuna wa kishiyar uwarta, suka tafi asibiti tare. Tabon yana nan a hannunta. A bikin Kirsimatin da ya wuce na gan ta cikin ƙungiyar mawaƙa da riga mai gajeren hannu.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji, ya kuma warkar da masu ciwo a cikinmu. Amin.